Kambama Motsi a Zanen Katun: Jagora ga Ɗalibi, Daga Tsara Aiki Zuwa Karɓar Gyara

Duk ɗalibin da ya motsa ɗan wasan katun na 'yan sakanni, sannan ya yi ƙarfin halin nuna wa mutane, zai ji ɗayan maganganu biyu. Ko dai a ce masa ɗan wasan ya sandare, yana shawagi babu nauyi babu kuzari, ko kuma, bayan ya koma ya ƙara wa kowane motsi ƙarfi, a ce masa abin ya yi yawa, jiki sai karkarwa yake yi, ido ya rasa inda zai tsaya. Ɗalibai da yawa suna ɗauka cewa maganganun nan kishiyoyin juna ne, saboda haka sai su nemi tsaka-tsaki, su rage nan su ƙara can, har aikin ya rasa armashi baki ɗaya. A ganina tushen ƙorafin guda ɗaya ne, wato mai kallo bai gane abin da ɗan wasan yake nufi ba a lokacin da ya kamata ya gane. Kambama motsi, idan an yi shi da sani, hanya ce ta fito da niyyar ɗan wasa fili, kuma da wannan ma'auni za mu bi aikin daki-daki.

Dalilin da ya sa kwafar motsin gaske ba ta wadatarwa

Mai shirya katun Max Fleischer ya ƙirƙiro wata na'ura da ake haska fim ɗin mutum na gaske a kan gilashi, mai zane ya riƙa bin sawun jikinsa firam bayan firam (firam shi ne hoto ɗaya daga cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama fim), kuma ya sami rajistar mallakar fasahar a Amurka a 1917. Hankali zai ba mutum cewa wannan ita ce hanya mafi kusa ta samun motsi mai rai, tunda daga mai rai aka kwafo shi. Abin da ya bayyana a aikace ya saɓa wa haka. Sa'ad da kamfanin Disney yake shirya dogon fim ɗinsa na farko, wanda ya fito a 1937, ya ɗauki 'yan wasa na gaske a fim domin masu zane su yi nazari, kuma darasin da suka fitar shi ne bin hoton sau da ƙafa yana haifar da motsi maras ƙarfi. Biyu daga cikin masu zanen kamfanin, Frank Thomas da Ollie Johnston, sun tattara ƙa'idoji 12 na wannan sana'a a littafin da suka wallafa a 1981, kuma kambamawa tana cikinsu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jikin mutum na gaske yana ɗauke da alamomi masu yawan gaske waɗanda ido ke karantawa ba tare da mai shi ya sani ba: tsokar wuya da ta ɗaure, fatar da ta yamutse, tufafin da suka ja, numfashin da ya sauya, inuwar da ta faɗa a goshi. Zane yana zubar da kusan duk waɗannan, ya bar 'yan layuka kaɗan. To idan layukan nan suka motsa daidai gwargwadon motsin mutum, sai saƙon ya iso ga mai kallo a raunane, domin an cire masa mafi yawan shaidun da yake dogaro da su. Kambamawa tana mayar da abin da aka rasa. Mai zane yakan sunkuyar da bayan ɗan wasa fiye da yadda mutum zai sunkuya, domin mai kallo ya ji nauyin da tsoka da numfashi za su nuna masa a zahiri.

Mataki na farko: ka san abin da ɗan wasan yake so

Kafin ka buɗe manhaja, ka rubuta jimla ɗaya da ta ƙunshi abin da ɗan wasan yake so, da abin da ya tare masa hanya, da yadda yanayinsa ya sauya. Misali: mutum ne mai ji da ƙarfinsa ya zo ɗaga akwati, akwatin ya gagare shi, alfaharinsa ya koma kunya. Idan ba za ka iya rubuta irin wannan jimla ba, babu abin da za ka kambama, domin niyya ake kambamawa, gaɓoɓi kuwa bin ta suke yi.

Ka kuma taƙaita tsawon aikin. Fim yana tafiya a kan firam 24 a kowane sakan, don haka sakan 10 firam 240 ne, kuma ko da ka bi al'adar barin kowane zane ya tsaya firam 2, zane 120 ke jiranka. Sakan 5 zuwa 10 sun ishi ɗalibi. Aikin minti guda da bai nuna ba ya fi wahalar gyarawa, kuma masu dubawa kan gaji kafin su kai inda matsalar take.

Mataki na biyu: ka tsayar da iyakar duniyar da kake ginawa

Kambamawa tana da matakai, kuma wajibi ne ka zaɓi naka tun farko. A gefe ɗaya akwai salon Tex Avery, wanda ya yi fice a kamfanin MGM a shekarun 1940, inda idanu ke fita daga kai, haɓa ta faɗi ƙasa, jiki ya rabu ya sake haɗuwa. A ɗaya gefen akwai salon da ɗan wasa ba ya karya dokar ƙashi ko ta nauyi, sai dai a ƙara masa zurfin sunkuyo, a tsawaita shirunsa, a gaggauta juyawar kansa. Dukansu kambamawa ce. Abin da ke ruɗa mai kallo shi ne gauraya su ba tare da dalili ba, kamar a ce ɗan wasa ya yi tafiyar mutum na gaske na sakan 6, sannan a na bakwai wuyansa ya miƙe tsawon mita. Ka tambayi kanka: a wannan duniya ƙashi yana lanƙwasawa? Mutum na iya tsayawa a iska kafin ya faɗo? Amsar da ka bayar ita ce dokar aikin daga farkonsa har ƙarshensa.

Mataki na uku: ka ɗauki bidiyon nazari, ka karanta shi, sannan ka ajiye shi

Ka jingina wayarka, ka yi abin da kake so ɗan wasan ya yi da jikinka, da kaya mai nauyi na gaske idan ɗagawa ce, domin wanda yake kwaikwayon ɗaga akwati maras komai ba ya motsa ƙugunsa yadda mai ɗaga nauyi yake yi. Ka maimaita sau da yawa, ka zaɓi wanda ya fi fito da niyyar. Daga nan ka bi bidiyon a hankali kana neman abubuwa takamaimai: wace ƙafa ce ke ɗauke da nauyi a kowane lokaci, ina ƙugu ya nufa kafin hannu ya motsa, wace gaɓa ce ta fara tafiya, wace ce ta zo daga baya. Ka zana abin da ka gano a takarda da ƙananan zanuka masu sauri. Idan ka gama, ka rufe bidiyon ka yi aiki daga zanukan, domin muddin yana buɗe a gabanka hannunka zai riƙa komawa ga kwafa.

Mataki na huɗu: manyan tsayuwa

A nan ne mafi yawan kambamawa take zaune, kuma a nan ne ɗalibai suka fi yin rowa. Manyan tsayuwa su ne siffofin jiki da ke ba da labarin ko da babu motsi a tsakaninsu. A misalin akwatin nan, ba su wuce biyar ko shida ba: ya tsaya yana kallon akwatin da raini, ya durƙusa ya kama, ya ja iyakar ƙarfinsa, ya saki yana haki, ya waiwaya ko wani ya gan shi.

Kowace tsayuwa ka fara ta da layi ɗaya da ya taso daga diddige ya bi ƙashin baya ya fita ta kai ko ta hannu. Idan layin nan a miƙe yake a duk tsayuwar, ɗan wasan zai sandare ko da ka yi masa ado iya ado. Mai alfahari ƙirjinsa na gaba, layinsa ya lanƙwasa baya. Sa'ad da ya durƙusa, layin ya juya ya lanƙwasa gaba, sa'ad da kuma yake ja, ya sake juyawa. Wannan juyawa daga lanƙwasa zuwa kishiyarta ita ce ke ba motsi ƙarfi, kuma gwargwadon nisan da ke tsakanin biyun, gwargwadon ƙarfin da mai kallo zai ji.

Ga hanyar da nake ba da shawara a bi. Ka zana tsayuwar yadda ta zo maka. Ka sake zana ta ka ninka lanƙwasar, ka ƙara karkatar kafaɗu, ka sa ƙugu ya karkata ta ɗaya ɓangaren. Ka sake zana ta karo na uku ka tura ta har ta lalace, har ka ga jikin ba zai yiwu ba. Sannan ka ja da baya kaɗan daga inda ta lalace. Galibi za ka tarar cewa wurin da ya dace ya fi kusa da zane na uku fiye da na farko, domin tsayuwar da ta yi kama da wuce gona da iri a tsaye, idan ta gilma cikin firam 4 ko 6, daidai take zama a ido. Wanda bai taɓa turawa har abu ya karye ba, bai san inda iyakar take ba, don haka kullum nesa da ita yake tsayawa.

Bayan haka ka gwada inuwa. Ka cike jikin ɗan wasan da baƙi gaba ɗaya, ka duba ko za a gane abin da yake yi daga gefen jikinsa kaɗai. Hannun da ya ɓuya a gaban ciki ya ɓace, don haka ka fitar da shi inda akwai fili a bayansa. Ka kuma guji sa hannuwa biyu ko ƙafafu biyu su yi abu ɗaya a lokaci ɗaya kamar madubi, domin wannan yana daga cikin manyan abubuwan da ke sa a ce jiki ya sandare. Idan da manhajar siffa mai kauri (3D) kake aiki, irin Blender ko Maya, ka saita ta yadda za ta riƙa tsalle daga tsayuwa zuwa tsayuwa ba tare da ta cike tsakani ba, har sai ka gamsu da labarin.

Mataki na biyar: lokaci da tazara

Abu biyu ne da ake yawan haɗawa. Lokaci shi ne adadin firam da motsi ya ɗauka daga farko zuwa ƙarshe. Tazara kuwa ita ce nisan da abu ya yi tsakanin firam da mai bi masa. Hannu biyu za su iya tafiya nisa ɗaya cikin firam 12, amma ɗaya ya raba nisan daidai-wa-daida, ɗaya kuma ya fara a hankali, ya fizga a tsakiya, ya lafa a ƙarshe. Na farko motsin inji ne, na biyu motsin mai rai.

Daga nan ne ƙorafin shawagi yake fitowa. Idan ka ba kwamfuta tsayuwa biyu ka bar ta ta cike tsakaninsu, za ta yi hakan da santsi iri ɗaya a kowace gaɓa, duka su tashi tare su isa tare, ba tare da ta san wanne ne mai nauyi ba. Maganin shi ne ka sa tsayuwar tsakiya da hannunka, ka yanke wace gaɓa ce ke gaba, wace ce ke jan ƙafa, sannan ka karkatar da tsakiyar zuwa ɗayan ɓangarorin maimakon ka bar ta a rabi. Ka kuma duba hanyar da wuyan hannu, da hanci, da diddige suke bi a allo, domin gaɓoɓin jiki a kan mahaɗa suke juyawa, saboda haka hanyarsu lanƙwasa ce, kuma duk inda ta zama miƙaƙƙen layi ko ta karye, ido zai ji wani abu bai yi daidai ba ko da bai iya faɗin mene ne ba.

Akwai lissafin da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe. Abin da aka saki ya faɗo yana yin kimanin mita 4.9 a sakan na farko, kuma a rabin sakan, wato firam 12, yana yin kimanin mita 1.2. Tazarar faɗuwar tana ƙaruwa ne bisa tsarin 1, 3, 5, 7, wato idan ya yi taku ɗaya a zangon lokaci na farko, zai yi uku a na biyu, biyar a na uku. Mutumin da ya yi tsallen rabin mita zuwa sama bai wuce firam 15 ko 16 a iska ba. Ɗalibin da ya ba irin wannan tsalle firam 30 zai ji an ce ɗan wasansa ba shi da nauyi, kuma gaskiya aka faɗa masa. Haka nan tafiya ta yau da kullum takan ɗauki kusan firam 12 a kowane taku, wato taku biyu a sakan. Idan ka rage zuwa 8 ya zama mai sauri, idan ka ƙara zuwa 16 ko fiye ya zama mai tafiyar ƙasaita ko gajiya.

Amfanin sanin waɗannan alƙaluma shi ne ka san daga inda kake kaucewa. Katun na iya riƙe ɗan wasa a ƙololuwar tsallensa fiye da yadda doka ta yarda, amma sai ya biya bashin da faɗuwa mai tsananin sauri, cikin firam 3 ko 4, don haka nauyin bai ɓata ba. Kambama lokaci yana nufin ƙara bambanci: mai jinkiri ya ƙara jinkiri, mai sauri ya ƙara sauri. Mutumin akwatin nan zai iya shafe firam 40 yana ja babu abin da ke motsi sai rawar gwiwa, sannan hannunsa ya kuɓuce ya faɗi baya cikin firam 5. Da za a raba firam 45 ɗin nan daidai, da babu dariya babu nauyi.

Mataki na shida: yunƙuri, matsewa da miƙewa, da zarcewa

Kowane babban motsi yana buƙatar yunƙuri, wato ɗan motsi zuwa kishiyar inda za a nufa. Mai tsalle yakan durƙusa, mai jifa yakan ja hannu baya. Yunƙuri yana aiki biyu: yana nuna inda ƙarfin ya fito, yana kuma gaya wa ido inda zai duba kafin abin ya faru. Gwargwadon saurin motsin da ke tafe, gwargwadon girman yunƙurin da yake buƙata, kuma da yunƙuri mai kyau ɗan wasa zai iya ɓacewa daga allo cikin firam 2 mai kallo ya rantse ya ga gudunsa.

Matsewa da miƙewa su ne abin da mutane suka fi ganewa da katun, kuma doka ɗaya ce ke riƙe da su: girman jiki ba ya sauyawa. Abin da ya matse ya gajarta dole ya yi faɗi, abin da ya miƙe ya yi tsawo dole ya sirance, kamar dai balan-balan da aka cika da ruwa. Idan ka tsawaita jiki ba ka sirantar da shi ba, ɗan wasan ya ƙara girma ke nan. Miƙewa tana zuwa ne a wurin sauri, matsewa a wurin karo ko tara ƙarfi, kuma mafi yawansu firam 1 ko 2 kawai suke ɗauka, ana jin su fiye da yadda ake ganinsu. Ka bar sassa masu tauri, irin ƙoƙon kai, su riƙe siffarsu, ka sa sauyin a kumatu da haɓa da ciki, sai dai idan dokar duniyarka ta yarda da fiye da haka. A motsi mai tsananin sauri akwai dabarar shafaffen zane, inda ake jan siffar ta cike duk hanyar da gaɓa ta bi a firam guda. Daraktan katun Chuck Jones ya yi amfani da ita sosai a wani gajeren katun na 1942, kuma har yau ana koyar da ita.

Sa'ad da jiki ya isa inda ya nufa, kada ya tsaya cak. Ya ɗan zarce, ya dawo, ya zauna. Sassan da ke rataye, irin gashi, da jela, da bakin riga, su iso bayan jiki da 'yan firam. Idan kuma ɗan wasan zai yi shiru na ɗan lokaci, ka bar masa ɗan motsi ƙanƙani da ke ci gaba a hankali zuwa inda ya nufa, musamman a siffa mai kauri, inda tsayawa cak take sa ɗan wasa ya zama kamar an dakatar da bidiyon.

Fuska da baki su zo a ƙarshe. Ɗalibai suna son farawa da su, amma idan jiki bai ba da labari ba, gira ba za ta cece shi ba. Gajeren fim ɗin da John Lasseter ya yi a kamfanin Pixar a 1986 fitilun tebur biyu ne 'yan wasansa, babu ido babu baki, amma kowa ya gane babba da ƙarami, ya gane murna da baƙin ciki. Idan akwai magana, ka sa siffar baki ta zo daidai da sautin ko ta riga shi da firam 1 ko 2, kada ta makara, kuma ka kambama wasulan da aka jaddada kawai.

Mataki na bakwai: nuna aikin

Ka nuna shi tun yana matakin manyan tsayuwa. Wannan shi ne abin da ɗalibai suka fi jin nauyin yi, domin aikin bai yi kyan gani ba tukuna, amma a lokacin ne gyara yake da arha. A manyan kamfanonin katun masu zane sukan taru a kai a kai su nuna aikin da ba a gama ba, darakta da abokan aiki su yi tsokaci, saboda sauya tsayuwa shida ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan warware firam 240 da aka riga aka goge.

Ka sa lambar firam a gefen bidiyon domin mai gyara ya iya nuna maka daidai wurin. Kada ka yi bayanin labarin kafin a kalla, kuma kada ka fara da ba da uzuri. Ka nuna wa mutum iri biyu: wanda ya san sana'ar, da wanda bai san komai a kanta ba. Na biyun ka tambaye shi abu ɗaya kawai, wato me ya ga ya faru, me kuma ɗan wasan yake ji. Idan amsarsa ta yi daidai da jimlar da ka rubuta a mataki na farko, ginshiƙin aikin ya tsaya. Idan akwai sauti, ka nuna sau ɗaya a kashe, domin murya takan rufe raunin jiki.

Mataki na takwas: fassara abin da aka faɗa maka

Mai kallo kusan kullum yana da gaskiya game da wurin da ya ji wani abu bai yi ba, amma sau da yawa maganin da ya kawo ba shi ne ba. Aikinka shi ne ka karɓi alamar, ka nemo cutar da kanka.

Idan an ce ya sandare, ka koma ga layin ƙashin baya da ƙugu, ka duba ko gaɓoɓi duka suna tashi suna tsayawa a firam ɗaya. Idan an ce yana shawagi, tazararka ta yi daidai-wa-daida, ko faɗuwa ta yi jinkiri, ko ƙafa tana zamewa a ƙasa maimakon ta kafu. Idan an ce ya yi sauri ba a ga abin da ya faru ba, kada ka yi gaggawar rage saurin, domin yawanci yunƙuri ne ya yi kaɗan ko kuma ba ka bar tsayuwar ƙarshe ta zauna ba. Ka ƙara firam kafin motsin da bayansa, ka bar shi kansa da saurinsa.

Maganar da ta fi buƙatar natsuwa ita ce "ya yi yawa". Ɗalibi yakan ji ta ya tsorata, ya bi duk aikin yana ragewa, ya koma gidan jiya. Kafin ka rage komai, ka ƙirga wurare nawa ka kambama. Idan a cikin sakan 8 kowace kalma tana da nata jifan hannu, kowace ƙiftawa tana da tata matsewa, to matsalar yawan wuraren ce, domin babu shirun da babban motsi zai fito daga cikinsa. Ka zaɓi wuri ɗaya, kada dai ya wuce biyu, wanda shi ne ƙololuwar labarin, ka bar shi da cikakken ƙarfinsa ko ma ka ƙara masa, sannan ka kwantar da sauran. Sau da yawa mutumin da ya ce ya yi yawa zai kalli sabon ya ce yanzu ya yi daidai, alhali babban motsin ko kaɗan bai ragu ba.

Akwai kuma masu kallon da ƙorafinsu na ɗanɗano ne. Suna ganin motsi mai kama da na gaske shi ne shaidar ƙwarewa, salon katun kuwa wasan yara ne. Ina girmama ra'ayinsu, amma ban yarda da shi ba. Wanda zai karya siffar jiki a firam 2 ya dawo da ita ba tare da ya ɓata girma ko nauyi ba, dole ya san ainihin motsin fiye da wanda ya kwafe shi, domin shi yana yanke hukunci a kan kowane layi. Ƙari a kan haka, kusantar kamannin gaske tana da nata haɗarin: tun a 1970 masanin mutum-mutumi ɗan ƙasar Japan, Masahiro Mori, ya yi bayanin yadda abin da ya kusa zama mutum amma bai kai ba yake sa mai kallo jin wani irin ƙyama, kuma an ga haka a wasu finafinan da aka naɗi motsin 'yan wasa da na'ura aka ɗora wa siffofi masu kama da mutane. Idan ka ji irin wannan ƙorafi, ka tambayi mai shi ko ya gane abin da ɗan wasan yake ji. Idan ya gane, to saɓaninku a kan salo ne, kuma salo naka ne.

Yabo ma yana buƙatar tacewa. "Ya yi kyau" daga masoyi tana ƙarfafa zuciya, kuma ɗalibi yana buƙatar hakan, amma ba ta nuna maka abin da za ka taɓa gobe ba. Ka gode, sannan ka tambayi wane wuri ne ya fi burge shi, domin sanin abin da ya yi aiki yana hana ka lalata shi wajen gyara.

Sa'ad da kai ne mai ba da gyara

Wanda ya nuna maka aikinsa ya ba ka amana. Ka kalla aƙalla sau uku kafin ka buɗe baki, ka fara da faɗin abin da ka fahimta daga labarin, domin wannan kaɗai gyara ne. Ka ambaci firam da gaɓa, kamar ka ce daga firam 52 zuwa 60 ƙugu bai sauka ba alhali nauyi ya koma ƙafar hagu. Idan za ka iya zana gyaran a kan hoton, ya fi dogon bayani. Ka tsaya a kan manyan abubuwa biyu ko uku, kada ka yi maganar yatsu alhali ƙashin baya bai daidaita ba, kuma ka auna aikin da salon da mai shi ya zaɓa, ko da kai da wani salon za ka yi.

Mataki na ƙarshe: tsarin gyara

Ka rubuta duk abin da aka faɗa, ka bar shi ya kwana kafin ka taɓa aikin. Abin da mutum biyu ko uku suka ambata ba tare da sun ji juna ba, shi ne kan gaba. Ka adana kwafin aikin kafin kowane babban sauyi, domin ka iya jera tsohon da sabon gefe da gefe. Gyaran kansa ya bi tsari daga babba zuwa ƙarami: labari, sannan tsayuwa, sannan lokaci, sannan ƙugu da ƙashin baya, sannan ƙafafu da hannuwa, sannan fuska, sannan gashi da tufafi, domin duk abin da ka sauya a ƙugu zai rushe abin da ka yi a hannu. Idan shawarwari biyu suka ci karo, jimlar da ka rubuta tun farko ita ce alƙali. Bayan zagaye biyu ko uku na gyara, idan abin da ya rage ƙananan abubuwa ne, ka rufe aikin ka fara sabo, kuma a sabon ka sa ɗan wasan ya yi irin wannan motsi sau biyu, ɗaya a salon da ya kusa da gaske, ɗaya an tura shi iyakar turawa, ka nuna wa mutanen da suka duba na farko ba tare da ka gaya musu wanne ka fi so ba.